Shekarar da Ƙofofi Suka Yi Yawo

Ku da kuka shigo biro bana, na ji abin da kuke faɗi wajen mai shayi. Kun ce aikin kontrolar ba aiki ba ne, yawo ne cikin katkat, motar biro: mutum ya je shantiye, wurin gini, ya ɗauki hoto, ya ci naman da aka yanka masa, ya dawo ya cika layin ordinater da kore. Ban ji haushi ba. Maganar nama gaskiya ce, na ci da yawa. Sauran nake so mu gyara.

Sunana Attahir. A unguwar Dagmanet ta Agadas nake zaune, amma a tsohon gari aka haife ni, gidan magina. Shekara talatin da ƴan kai ina bin aikin furoje: rijiyoyi, azuzuwan lakol, ɗakunan likita. Ban ɗora ko tubali ɗaya a cikinsu ba. Nawa shi ne in san inda aiki ya kai yau, in gwada shi da inda aka ce zai kai yau, in ya kauce kuma in komo da shi kan hanya tun bai yi nisa ba. A baki, numfashi ɗaya ya isa a faɗe shi.

Rijiya ce aikina na farko, can yamma da gari wajen masu raƙuma. Wanda ya koya mini sana'ar, Mushe Hamani, wani dogon Bazabarme ne da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a inuwar mota ya ce in je in gano masa zurfinta. Na je na gaida mai haƙa, wani gajeren mutum mai fara'a, na tambaye shi. Ya ce metir goma sha takwas. Na rubuta cikin kaye, ɗan littafin aikina, da rubutuna mafi kyau, na kawo.

Mushe Hamani ya duba ya ce, “Wa ya auna?”

Na ce, “Mai haƙa ne ya faɗa.”

Ya ce, “To, shiga guga.”

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Aka ɗaure ni da igiyar da ake fid da ƙasa, aka zura ni da dekametir, tef ɗin awo, a hannu, ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Metir goma sha biyu da rabi na samu. Na fito kunnena cike da rairayi, na nufi mai haƙa zan ce masa maƙaryaci, Mushe Hamani ya riƙe mini riga.

“Tambaye shi yadda yake awo tukuna.”

Mutumin ya nuna mini: daga kan hancinsa zuwa bakin yatsa, shi ne metir ɗinsa. Hannun nasa kuwa ga shi nan, ɗan guntu.

Mushe Hamani ya ce, “Ka gani, bai yi maka ƙarya ba. Kai ka yi mini, don kai ka rubuta.”

Shekara biyar na yi ƙarƙashinsa, kuma kayan aikin da ya bar mini har yanzu suna cikin jakar nan. Dekametir kun san shi. Ƙaramar guduma ta ƙwanƙwasa bango ce: in ya amsa da ƙarfi, lafiya, in ya amsa kamar tulu, yashi ya fi siminti yawa. Igiya mai ƙulli a kowane metir, ta rijiya, don ban ƙara yarda a zura ni ba. Sai ƙusa doguwa. Da ita nake karce siminti in ga ko zai zuba, da ita kuma nake yin ɗan zane a bayan duk abin da na ƙirga, don kada in ƙirga shi sau biyu. A biro akwai planin, babbar takarda manne a bango, kowane aiki da layinsa, kowane mako da gidansa. Naku yanzu yana cikin ordinater yana canza launi da kansa. Namu ba ya canza launi sai ƙuda ya sauka. Amma duk biyun hali ɗaya gare su, abin da ka ba su shi suke maimaitawa.

Wahalar sana'ar ba kayan aiki ba ne, mutane ne, don kowa da abin da yake so ya ji daga bakinka. Masu furoje na Yamai suna son lamba mai hawa kowane wata. Magajin gari yana son ranar da zai sa babbar riga ya yi jawabi. Ɗan kwangila yana son ka zo, amma ranar da shi ya zaɓa. Mutanen ƙauye su rufi kawai suke so a kansu. Na taɓa yin kwana uku cikin rairayi zuwa Dirku don ganin wani ɗakin likita da aka rubuto mana cewa saura kaɗan. Na iske tushe, da tulin duwatsu, da mai gadi yana dafa shayi. Na ce masa ina kaɗan ɗin da ya saura? Ya waiwaya ya dubi filin ya ce, “Duka wannan.” Tun ranar ba na karɓar “saura kaɗan”, ba na karɓar “an kusa”. Ka faɗa mini abin da ke ƙirguwa.

Duk da haka na faɗi, kuma faɗuwar nake so ku ji.

Shekarar da aka ga zinariya a hamada, Agadas ta zama gidan da aka yi shara. Magina sun tafi, masu kwaɓa siminti sun tafi, wanzamin unguwarmu ma ya tafi ya bar mu da gemu. Motoci na wucewa cike da mutanen Damagaram da na Maraɗi da na ƙetaren iyaka, kowa da felu, wato shebur, a kafaɗa. A shekarar ne muka sami furojen lakol uku, a ƙauyuka uku, kudu, in ka sauka daga hanyar Aderbissinat. Kowace lakol aji biyu, kowane aji ƙofa ɗaya da taga uku. Yaran can a rumfar zana suke karatu, wadda iska ke kwashewa kowace shekara. An ce a gama kafin rantire, wato ranar komawar yara lakol, kuma furojen zai rufe da ƙarshen shekara; abin da bai ƙare ba ya zauna haka nan.

Wanda ya sami aikin shi ne Alhaji Bilal, mutum mai jiki, mai turare, mai dariyar da ke girgiza kujera. Ba mugu ba ne. Mun yi aiki biyu da shi kafin nan, ban kama shi da komai ba sai yawan magana.

Wata biyu da farawa katkat ɗinmu ta lalace, ƙarfen da za a sa mata sai daga Yamai. Wata uku muna jira. Alhaji Bilal ya zo biro ya ce, “Attahir, kada ka damu kanka. Ni zan riƙa kawo maka hoto.”

Ya kuwa riƙa kawowa. Hotuna masu kyau, bango na hawa, rufi ya hau, ƙofofi shuɗaye. Dukansu daga gaba aka ɗauke su. Na rubuta kashi hamsin cikin ɗari. Wata na gaba na rubuta saba'in. Na gaba, casa'in. Ni, wanda aka zura cikin rijiya.

Mota ta gyaru tsakiyar damina. Nan na yi kuskure na biyu: na gaya masa ranakun zuwana. Shi ma ya taya ni tsarawa.

“Litinin ƙauyen farko, Laraba na tsakiya, Juma'a na ƙarshe. Ka bar kwana ɗaya tsakani don ka huta, ba yaro ne kai ba.”

Na ce wannan mutum akwai tausayi.

Ran Litinin muka isa ƙauyen farko ni da shofer ɗinmu Gumar, mutumin Abzin wanda kan yi wuni bai ce kalma goma ba. Kwano na walƙiya tun daga nesa. Na ƙwanƙwasa bango, ya amsa da kyau. Na zaga baya, bango na nan. Daɓe dai ba a yi ba, na rubuta. Na ce a kawo tsani in hau rufi, aka ce wani ya ara. Na yi zanena da ƙusa a bayan ƙofa biyu da taga shida. Wani tsohon magini mai farin rawani da wushirya ya gaishe ni. Na tambayi direktiris, wato shugabar lakol, aka ce ta yi tafiya. Aka kawo rago. Muka koma Aderbissinat muka kwana.

Ran Laraba, ƙauyen tsakiya. Kwano na walƙiya, ƙofofi shuɗaye, tsani an ara. Magini ya zo gaisuwa da baƙin rawani har kan hanci, muryar tasa kuwa kamar na santa. Na sunkuya bayan ƙofa zan yi zane, sai na iske an riga ni. Zane ɗaya a karkace, dab da ƙasa, hannuna ne sak. Na duba ƙofa ta biyu, haka. Taga shida, haka. Na ƙara zane na biyu kusa da na farko, na fito na ci ragon, don shi bai yi laifin komai ba.

Cikin mota na ce wa Gumar, “Gobe bayan asuba za mu ƙauyen ƙarshe.”

Ya ce, “Juma'a aka ce.”

Na ce, “Gobe.”

Da yammacin nan aka yi ruwa mai yawa. Ran Alhamis da hantsi muka iso bakin wata ƙorama, sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya nutse cikin laka har ciki. A samansa kwanon rufi ne ɗaure da igiya, da ƙofa biyu shuɗaye, da taga shida. A ƙasansa Alhaji Bilal ne, ya ɗaure babbar riga a ƙugu, felu a hannu, laka har gwiwa. Magina uku na turawa, har da mai wushirya, yau ba rawani.

Na sauko na ce, “Salamu alaikum, Alhaji. Ina za a kai lakol?”

Ya soka felu cikin laka. Sannan ya ce, “Attahir, ba Juma'a muka yi ba?”

“Juma'a muka yi. Na ce bari in taya ka rakiya, kada in isa ita ba ta iso ba.”

Ya share zufa ya ce, “To, tunda ka zo, kama turi.”

Na tuɓe takalmi na kama. Gumar ya ɗaura igiya ya ja da katkat. Sai wajen azahar muka fid da kamiyon, muka zauna gindin aduwa aka ɗora shayi. A nan ya faɗa mini gaskiya. Ma'aikata ashirin da huɗu ya fara da su, uku suka saura. Maƙerin da ke yi masa ƙofa ya yi na lakol ɗaya ya kulle rumfa ya bi zinariya. Ya ji tsoron in ya faɗa za a ƙwace aikin, sunansa ya ɓaci a gari. Shi ne ya ce bari abin da ke akwai ya riƙa zagayawa har Allah ya kawo mafita.

Na ce, “Me ya hana ka gaya mini?”

Ya ce, “Ba ka tambaye ni ba. Hoto ka tambaya.”

Na ce, “Ƙauyen ƙarshe fa, ina ya kai?”

“Aji ɗaya ya tashi. Na biyun bangon gaba ne kawai.”

“To da na zo gobe, yaya za ka yi?”

“Mabuɗinsa zai ɓace.”

“In na zaga baya fa?”

Ya ce, “Rago biyu na tanada a can.”

Gumar ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Na sa aka juya kamiyo muka koma ƙauyen farko. Lakol ɗin da na gani tana walƙiya ran Litinin tana tsaye ba rufi, ruwa kwance cikin aji, akuya biyu na sha. A tsakiyar ajin wata ƴar ƙaramar mace ce tsaye da tabarau, ta tattare zane. Ita ce direktiris, Madam Zainabu. Ta ƙi tafiya hutu don ta tsare ginin. Ran Litinin Alhaji ya tura ta Aderbissinat duba kujeru, ya ce mata kontrolar sai Alhamis.

Ta ce, “Kai ne Mushe Attahir? Kai ne mai casa'in?”

Na ce ni ne.

“To, shigo ka zauna cikin casa'in ɗinka. Yi hankali da akuya.”

Ta ce takarda uku ta rubuta mana biro, ba wanda ya amsa. Na ce, “Wa kika ba ya kawo?” Ta nuna Alhaji da haɓa. Ya je gaban kamiyo ya ɗauko su, duka ukun, a liƙe.

Ya ce, “Ban buɗe ba, Madam. Amana ce.”

Na ƙarasa ƙauyen ƙarshe, na auna komai da hannuna, na koma Agadas na rubuta sabon rapor: kashi arba'in da biyar. Shef ɗinmu, Mushe Laminu, ya karanta ya cire tabarau ya mayar.

“C'est pas possible! Wata da ya wuce casa'in, yanzu arba'in da biyar? Attahir, aiki ba ya komawa baya!”

Na ce, “Aikin bai koma ba, shef. Rapor ne ya yi gaba ya bar shi.”

Ya rufe ƙofa ya rage murya. “Sa tamanin da biyar. Mu tsaya a nan wata biyu, aikin ya iske mu.”

Na ce masa in muka rubuta tamanin da biyar, Yamai za su ce mun kusa, ba wanda zai ƙara mana ko kwana ɗaya, shekara ta ƙare yara na cikin zana. In muka rubuta gaskiya za su zage mu, amma mai zagi yakan saurara daga baya. Ya ce to a ƙwace aikin daga Alhaji a ba wani. Na ce ya fita ya zaga Agadas, in ya samo magini ɗaya da ƙafafunsa ke aiki, ni zan rubuta takardar ƙwacewa. Ya tsaya bakin taga yana kallon titi. Gidansa ma an bar masa shi ba a ƙarasa katanga ba. Ya dawo ya sa hannu.

Kwana biyu Yamai na ihu cikin salula, rabi kansa, rabi kaina. Rana ta uku suka ce sun ba mu har ƙarshen shekara, ba ƙarin ko yini, kuma a sa a ƙero ƙofofi a Damagaram.

Nan rabin sana'ar na biyu yake, wanda ba ya fita a hoto. Gano ɓarna ba ya rufa aji. Na yage tsohon planin. Na ce wa Alhaji an daina aiki uku a lokaci ɗaya da mutum uku. Lakol ɗaya za a kama a gama, sannan a matsa. An kuma daina maganar kashi cikin ɗari. Kwano nawa aka kafa, taga nawa ta shiga, daɓe metir nawa. Saura ma'aikata.

Na shiga tsohon gari wajen ƙanen mahaifina, Baba Tambari, maginin ƙasa wanda ya haura saba'in. Bai je zinariya ba don gwiwa ta hana. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙata.

Ya ce, “Siminti? Ƙasar nan da ba ta numfashi? Ubanka na kabari kana kawo mini wannan magana?”

Na ce, “Baba, yara ne ke cikin zana.”

Ya tofar da taba. “Shayi sau uku a wuni. Barcin rana. Kuma wanda ya ce mini in yi sauri, na ajiye masa kayansa.”

Ya tara tsofaffi bakwai, waɗanda in ka haɗa haƙoransu duka ba za su cika baki biyu ba. Alhaji Bilal ya gan su suna hawa kamiyo ana turo su ta baya, ya ce, “Attahir, shantiye za mu ko likita?”

Ban rubuta sabon planin nan da nan ba. Mako ɗaya na zauna tare da su ina auna abin da suke yi a wuni, da barcin da shayin duka. Sannan na rubuta planin bisa tafiyarsu, ba bisa abin da Yamai ke so ba. Tafiyar hawainiya ce, amma ba ranar da suka fasa. A duk shekarun aikina, shi ne planin na farko da aiki ya bi sau da ƙafa.

Ido kuma na samu wanda ya fi nawa. A ƙauyen farko rezo na salula ba ya kamawa sai kan wani tudu, tafiyar rabin awa. Kullum bayan la'asar Madam Zainabu ta hau tudun ta kira ni.

“Mushe Attahir, rubuta. Kwano goma sha huɗu an kafa, kowane da ƙusa takwas, na ƙirga. Taga biyu sun shiga. Baba Tambari ya yi barci sau biyu. Alhaji bai zo ba, ya aiko da gaisuwa, na mayar masa.”

Ta sa an rubuta sunan ƙauyen da manyan baƙaƙe a cikin kowane kwano. Wata rana ta kira ta ce yashin daɓe zai ƙare jibi, kamiyo kuwa yana Damagaram ɗaukar ƙofofi. Da a hoto ne, sai bayan mako biyu zan sani. Na ce a mai da tsofaffin kan yaɓen ciki, mai gari ya ba da amalanken jaki biyu su ɗebo yashi daga ƙorama. Ba mu rasa ko wuni ba. Da aiki ya matsa sauran ƙauyukan, ita ta koya wa malaman can irin ƙirgarta, kuma sun fi tsoronta da ni.

Lakol ta farko ta buɗe ranar rantire, daɓe bai gama bushewa ba, sawun wasu yaran na nan har yau. Ta tsakiya ta makara da wata ɗaya. A lokacin masu zinariya sun fara dawowa, kaɗan da sabon moto, da yawa da tari. Waɗanda suka zo neman aiki Baba Tambari ya sa su ɗiban ruwa, yana zaune yana gyara musu riƙon bokiti. Ta ƙarshe aka gama saura kwana goma shekara ta ƙare.

Ranar karɓar aiki Mushe Laminu ya ce, “Yaya za mu tsara? Litinin, Laraba, Juma'a?”

Na ce, “A'a, shef. Rana ɗaya, ƙarfe goma, wuri uku.”

Muka sauke Gumar a ƙauyen tsakiya da kaye da guduma. Shef ya tafi na ƙarshe cikin motar magajin gari. Ni na tsaya na farko tare da Madam Zainabu da Alhaji Bilal, wanda ya zo da kamiyo zai kwashe kayan aikinsa. Ƙarfe goma na ƙirga nawa, na hau tudu na kira Gumar.

Ya ce, “Ƙofa biyu. Taga shida. Na jijjiga su.”

Na kira shef. Shi ma tudu ya hau, da takalmin biro, yana haki kamar an kore shi.

“Biyu... biyu, Attahir. Taga shida. Rufi na nan. Kada ka ƙara kirana, zan sauka.”

Ƙofa shida, taga goma sha takwas, kowace a bangonta, a sa'a ɗaya. Na sauko ina murmushi, sai na iske mutane sun taru bayan kamiyo. Madam Zainabu ta ɗaga tamfol ɗin da aka rufe kaya da shi. Ƙofa ce kwance, shuɗiya.

Na koma kan tudu da gudu. Gumar ya ce har yanzu biyu. Shef, da haki ya hana shi sauka, ya zage ni da Faransanci, ya je ya duba, ya sake hawa, ya ce biyu. Na sauko na sake taɓa namu. Biyu.

Alhaji Bilal ya ɗaga hannu sama. “Wallahi tallahi wannan ba ta kowa ba ce. Da aka ce in sa a ƙero na Damagaram, na zauna in ƙirga nawa gare ni. Na gan su a nan, na gan su a can, kaina ya juya. Na ce a yi biyar don kada a rasa.”

Madam Zainabu ta ce, “Ɗakin da nake ajiye littattafai ba shi da ƙofa. Ku sauke ta.”

Ya ce, “Madam, ai wannan ba ta cikin kwangila.”

Ta gyara tabarau ta ce, “Ni ma hawan tudu ba ya cikin tawa.”

Shi da kansa ya kama gefe ɗaya aka sauke.

Na rubuta rapor na ƙarshe yadda abin yake: an nemi ƙofa shida, an sami bakwai. Wata uku na yi ina aika wa Yamai aikin da babu shi, ba wanda ya ce uffan. A kan ƙofar nan ta bakwai, sai da na amsa takarda huɗu.